Zafin Ingila: a tafi bakin teku, a hau tsauni, ko a sayi fanka a zauna gida?

Wata Laraba cikin watan Yuli ina gidan yayata a Fadamar Mada, cikin garin Bauchi. Ruwa ya tsuge tun la'asar, har an sa wa ƙananan yara rigunan sanyi, muna zaune ana cin dafaffiyar masara, sai ga kiran bidiyo daga Mancesta. Ɗanta ne na fari, wanda ya tafi digiri na biyu. A wannan lokaci na shekara agogonmu da na Ingila ɗaya ne. Ƙarfe takwas da 'yan mintuna, mu mun idar da Isha'i, shi kuwa rana ce tar a tagarsa, ko Magariba da saura. Yana zaune a ƙasa daga shi sai singileti, da jiƙaƙƙen tawul a wuya.

"Umma, wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Zafi ake yi."

Ta tambaye shi nawa ya kai, ya ce digiri 31. Aka kwashe da dariya. Yaya ba ta kama sunansa, kunyar ɗan fari, sai ta juyo gare ni ta ce, "Kai ka ji wannan yaron. Tsakiyar Afrilu na haife shi a garin nan, ko fanka babu a ɗakin. Yau shi ne 31 ta hana barci a ƙasar ƙanƙara?"

Ni ban yi dariya ba, jiki magayi. A Mancesta ɗin na yi Yulin 2022, a wani ɗaki can ƙolin bene, ƙarƙashin rufi. Ranar Talata 19 ga watan ma'auni ya nuna 40.3 a wani ƙauye da ake kira Coningsby, karon farko da aka haura 40 a tarihin ƙasar. Hukumar hasashen yanayi ta fitar da jan gargaɗi na zafi, abin da ba ta taɓa yi ba. An rufe layin dogon da ya tashi daga Landan zuwa York, gobara ta cinye gidaje a Wennington da ke gefen Landan. Na sha ganin 40 a Bauchi, amma ban taɓa jin numfashina na neman tsayawa a cikin ɗaki ba sai a can.

Da dariya ta lafa sai ga ainihin maganar. Yaya ta ajiye masa ɗan kuɗi, tana son ya fita ya sha iska ranar Asabar da Lahadi. Abokansa sun rabu: wasu na cewa Blackpool, bakin teku, ɗaya na cewa tsaunukan Edale, wani ya ce Edinbara, akwai ma mai cewa a tsallaka Faris. "Kawu, kai da ka san wurin, ina ya fi?" Amsar da na ba shi a daren ce na faɗaɗa a nan, domin na san gidaje da yawa a Bauchi da Gombe sun sha amsa irin wannan kira.

Kafin a zaɓi wurin gudu, sai an san me ake gudu. Zafinmu na rana ne. Ka samu inuwar dogon yaro ko zaure, ka yayyafa ruwa a tsakar gida, ka sha na randa, da dare ka ja tabarma waje. Iskar Maris busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa, jiki na hucewa. Zafinsu kuwa na ɗaki ne, kuma na dare. An gina gidajen ne don su riƙe ɗumi: jan bulo, gilashin taga mai ninki biyu, wani abu mai kama da auduga da ake cusawa a bango da rufi, kafet daga bango zuwa bango. A ɗakunan ɗalibai da yawa tagar ma ba ta buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu. Fankar sama babu, na'urar sanyaya ɗaki kuwa sai a gidaje ƙalilan. Ga rana da ke fitowa kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta wuce, wato bulo na shan rana sa'a goma sha shida da ɗoriya, da dare kuma ya amayo maka ita a kan gado. Daren ma guntu ne. Mai sallah zai jira Isha'i har wajen goma sha ɗaya, kafin ya juya Asuba ta yi. Sannan jikin da ya yi wata takwas cikin sanyi ya riga ya saki sabon da ya yi da zafi. Sai ya samu kamar mako biyu kafin ya sake sabawa, zafin nasu kuwa bai cika wuce 'yan kwanaki ba.

Saboda haka ma'aunina a wannan zaɓe ɗaya ne: a ina za ka kwana, kuma yaya hanyar zuwa take? Kyan wuri da hotunan da za a turo gida suna biyo baya.

Faris dai na sallame ta a take. Bizar karatu ta Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Faransa, sai ya nemi bizar Shengen daban, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Faransa, kuma ba a samunta tsakanin Laraba da Asabar. Ko da an samu, an gudu ba a tsira ba: Faris ta kai 42.6 a Yulin 2019, kuma a zafin 2003 Faransa ta rasa mutane kusan 15,000, galibi tsofaffi. Haka ma Dublin, tana buƙatar tata bizar. Inda fasfonmu ke zuwa ba tambaya shi ne Sikotlan, Wales da Ailan ta Arewa.

Bakin teku shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, musamman ga ɗan Bauchi da ruwan da ya sani bai wuce madatsar Gubi da maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari ba. Blackpool na da nisan sa'a ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa daga Mancesta. Akwai yashi shimfiɗe iya ganinka, ga hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 158 da aka buɗe tun 1894, ga lilo da wasannin yara, ga masallaci a cikin gari. Iskar teku gaskiya ce ba almara ba, takan rage digiri da dama a kan na cikin birni, kuma duk wanda bai taɓa ganin teku ba ya kamata ya gani ko sau ɗaya.

Amma tunanin da ya zo maka shi ya zo wa rabin mutanen Mancesta da Libaful. Na je ranar Lahadi 17 ga Yuli a waccan shekarar. A tsaye na tafi, an matse ni a bakin ƙofar banɗaki, taragon kamar motar tashar Wunti ranar jajibirin Sallah, na'urar sanyayawa ta mutu, taga ba ta buɗuwa. Da na isa, sai na gano abin da hoto ba ya nunawa: bakin teku ba shi da inuwa. Babu bishiya ko ɗaya. Mutanen ƙasar rana suka zo nema, sun kwanta suna gasa jiki, ni kuma ita nake gudu. Ga shigar mutane, wadda kowa ya san ba irin tamu ba ce; wanda zai je da iyali ko da mahaifiya da ta zo ziyara ya sa wannan a lissafi tun daga gida, da kuma hayaniyar mashaya in yamma ta yi. Da dawowa aka soke jirage biyu a jere, na iso ɗakina wajen sha biyun dare, na tarar da shi yadda na bar shi, kamar tanderun burodi. Na kashe kuɗi, na gaji tiɓis, kuma a wutar da na gudu na kwana.

Sai maganar ruwan kansa, kuma a nan ina roƙon iyaye su ja kunne sosai. Mu Wikki muka sani, ruwan da ke kan digiri 31 rani da damina, ka shiga kamar an sirka maka. Ruwan tekun Blackpool ko a tsakiyar bazara bai cika wuce 16 ko 17 ba, na madatsun ruwa da tafkuna masu zurfi kuwa ya fi haka sanyi a ƙasa. Mutum ya fito daga rana ya faɗa ciki, numfashi kan ƙwace masa, ya haɗiyi ruwa, gaɓoɓi su sandare, ko da gwanin iyo ne. A makon zafin 2022 matasa da dama sun nutse ta haka a koguna da tafkuna. In za a shiga teku, a shiga tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke tsaye, a kuma kula da lokacin da ruwa ke dawowa, domin a wannan gaɓa yakan ja da nisa sannan ya komo da sauri ta bayan mutum. Madatsar ruwa kuwa ko kusa.

Wanda ya nace sai teku, Formby ta fi masa. Ana bi ta Libaful. Tana da tuddan yashi da dajin itatuwa a bayan gaɓar, wato akwai inda za a fake, kuma babu hargowar Blackpool. Sai dai shaguna sun yi nisa, ka tafi da ruwanka da guzurinka.

Tsauni fa? A nan zan daɗe, domin shi na zaɓa masa, amma ba don dalilin da ake zato ba.

Mu in an ce tsauni sai mu tuna Jos: ka bar Bauchi kana zufa, kafin ka wuce Toro ka fara jin iska ta canja. Jos na kan kusan mita 1,200. Kinder Scout, wanda ya fi kowane tudu tsawo a yankin Peak District inda Edale take, mita 636 ne kacal, kusan daidai da inda garin Bauchi kansa yake zaune. Zafi na raguwa da kamar digiri shida da rabi a kowace mita dubu, ka ga ko ƙolin ka hau abin da za ka samu bai wuce digiri huɗu ba. Kuma ƙolin fili ne fetal, ciyawa da duwatsu da tumaki, babu inuwa. Wanda ya ɗauki hanyar hawa da ƙarfe ɗayan rana a ranar zafi ya nemi wahala da kuɗinsa. A bar maganar gasa nama ma a can: ciyawar kan bushe ƙamas, ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma na cin wuta, kamar gobarar da ta yi makonni tana ci a Saddleworth a 2018.

Amfanin wurin a kwari yake, kuma da dare. Edale da Hope da Castleton ƙauyuka ne na gine-ginen dutse masu kaurin bango, da rafuka da manyan bishiyoyi. Babu kwalta da siminti masu tara zafi kamar na birni, saboda haka rana na faɗuwa wuri ya huce. Ka buɗe taga ka ji iska mai ƙamshin ciyawa, kafin Asuba kana neman bargo. Barcin da aka rasa kwana uku, dare ɗaya ya biya shi. Da rana kuma ga abin da babu irinsa a bakin teku: kogunan dutse na Castleton. Akwai guda huɗu da ake shiga da tikiti, ɗaya ma, Speedwell, a kwalekwale ake ratsa shi a ƙarƙashin ƙasa. Cikinsu bai kai digiri 10 ba, ko ana wuta a waje. Na shiga da 'yar riga mai gajeren hannu, na fito haƙorana na haɗuwa. A tafi da rigar sanyi, ba wasa nake ba.

Hanyar ma ta fi sauƙi. Daga tashar Piccadilly ta Mancesta zuwa Edale kamar minti 45 ne a jirgin da ke zuwa Sheffield, Hope ce tasha ta gaba. Wannan kusancin na da muhimmanci fiye da yadda ake tsammani, saboda yadda tikitin jirgi yake a ƙasar. Tikitin tafiya mai nisa yana araha ne in ka saya makonni kafin ranar, da jirgi da lokaci ƙayyadaddu. Hasashen zafi kuwa ba ya tabbata sai saura 'yan kwanaki. Ranar da ka san za a yi zafi, mai arahar ya ƙare. Gajeriyar tafiya irin ta Edale farashinta bai cika motsi ba, ko da safiyar ranar ka saya. Ɗalibi kuma na da katin rangwame da ke zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi. A zamanina fam 30 ne a shekara, kuma ɗalibin cikakken lokaci na iya samu ko ya haura shekara 25. In rana ta yi tsanani ƙarfen dogo kan miƙe har ya lanƙwashe, sai a umarci jirage su rage gudu ko a soke su. Wanda ya maƙale a nisan minti 45 da gida bai kai wanda ya maƙale a wata ƙasa tashin hankali ba.

Naƙasun wurin a bayyane yake. Babu masallaci, babu mahaucin halal. Ka dafa shinkafarka ka zuba a kula, ko ka wuce unguwar Rusholme a Mancesta ka yi guzuri, ka riƙe dardumarka. Kifi da dankali da ake sayarwa ko'ina ma a tambaya, wasu da kitsen dabba suke soyawa, wasu na kwaɓa fulawar da giya. Masauki kaɗan ne. Akwai gidajen kwanan matasa masu araha a Edale da Castleton, inda ake raba ɗaki da baƙi ko a kama ɗaki guda in an haɗa kuɗi, amma daga ƙarshen Yuli makarantu kan tafi hutun mako shida, wuri kan cika. In ba a samu gado ba, rabin ribar tafiyar ta tafi, ko da yake wanda ya wuni a kwari ya dawo a jirgin dare ya fi wanda ya wuni a yashi. Windermere, tafki mafi girma a Ingila, ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma ta fi nisa, ta fi tsada, ta fi cunkoso. A ajiye ta sai Satumba.

Edinbara gari ne da nake so, kuma in maganar sanyi ce kawai ta fi su duka: tana arewa, tana bakin teku, wani lokaci hazo kan taso daga ruwa ya lulluɓe ta ana tsakiyar bazara. Ga babban masallaci daf da jami'a, ga abincin halal, ga gidan tarihi na ƙasa da ake shiga kyauta. Matsalarta sa'a uku da ɗoriya a jirgi, da tikitin da ya riga ya yi tsada, da kwana biyu a masauki. In Agusta ta kama kuwa a manta, domin bikin wasannin da ake yi a garin tun 1947 kan sa kuɗin ɗaki ya tashi ba kama hannun yaro. Tafiya ce ta buɗe ido da ake shiryawa wata guda kafin lokaci. Ba ta mai gudun zafin jibi ba ce.

Saura zaɓin da babu wanda ya kawo a cikin abokansa, wato zama. Na san ba ya da daɗin faɗa wa uwa da ke son ɗanta ya sha iska. Amma a duba: ƙololuwar zafin 2022 ranar Litinin da Talata ta faɗo, ba ta jira ƙarshen mako ba. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa ranar Asabar ya dawo ya tarar da ita. Fanka kuwa kuɗinta bai kai na kwana ɗaya a masauki ba, kuma za ta yi aiki har ƙarshen karatu. A saye ta da wuri, domin da zarar an yi gargaɗi kantuna kan wayi gari babu ko ɗaya. Sauran dabarar ta saɓa wa abin da muka saba: da rana a rufe taga a saki labule, kada iska mai zafi ta shigo, sai rana ta faɗi a buɗe ko'ina. A daskarar da robar ruwa a ajiye gaban fanka. A jiƙa zani a rufa, wannan kam ba sai an koya wa ɗan Bauchi ba. Mai ɗakin sama ya sauko da katifa ƙasa. A bar kunna tanda. Tsakar rana kuma a bar gidan gaba ɗaya: babban ɗakin karatu na birni, ɗakin karatu na John Rylands mai ginin dutse kamar tsohuwar fada, gidan tarihi na jami'a, duk kyauta ake shiga, kuma mai rubuta kundin bincike dama can ya kamata a same shi.

Akwai kuma lissafin aiki. Bizar ɗalibi sa'a 20 take yarje masa a mako lokacin karatu, kuma da yawa a ƙarshen mako suke yin su, a gidan kula da tsofaffi ko rumbun kaya. Mai tafiya ya yi asarar kuɗin tafiya da na aikin da ya bari, alhali kowane fam sai an haɗa masa naira kusan dubu biyu daga nan. Dokar ƙasar ma ba ta ƙayyade zafin da za a ce a tashi daga aiki ba, kada ya sa ran za a sallame shi.

Ga mai ƙananan yara, ko wanda tsohuwa ko tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ya zo masa ziyara, ba na ba da shawarar shiga jirgi a ranar da zafi ya kai ƙarshe, ko ina za a je. A zauna a ɗakin ƙasa, a yawaita shan ruwa, da yamma a fita lambun shaƙatawa kamar Heaton. In aka ga jiri, ko ruɗewa, ko jiki ya yi zafi zufa ta ɗauke, 999 ake kira, lambar gaggawa. In abin bai kai haka ba, 111, lambar neman shawarar lafiya.

Abin da na ce wa yaron ke nan a taƙaice: "Gobe da safe ka fara da fanka. In canji ya rage kuma ka samu gado a Castleton, ka tafi ranar Asabar a jirgin farko, ka kwana. In babu gado, ka je ka wuni ka dawo. Teku da Edinbara ba za su gudu ba."

Yaya ta ce, "Wato duk kuɗin nan fanka za a saya da shi? Da na sani ai da na aika masa da maficina."

Ranar Asabar da yamma ta turo mini hoton da ya aiko mata. Yana cikin kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa, hular kwano a ka, ya ja zif ɗin rigar sanyi har haɓa. A ƙasan hoton ta yi mini saƙon murya, ana jin ruwan sama na dukan kwanon rufinta: "To ga shi nan, yanzu kuma wai sanyi yake ji. Ka ce masa ya fito daga ramin nan kafin Magariba."